Uwa Mary Martin Da Asibitin Anua

A yau idan mace mai naƙuda ta shiga asibitin mishan ta tarar Sista ce za ta karɓi haihuwarta, ba wanda zai yi mamaki. Amma kafin shekarar 1936 dokar Ikilisiyar Katolika ba ta yarda wa macen da ta ɗauki alkawarin zaman Sista ta yi aikin ungozoma ko aikin fiɗa ba. An yarda ta koyar a makaranta, ta riƙe marayu, ta ba mai zazzaɓi magani, amma idan aka zo bakin ɗakin haihuwa, nan iyakarta. A wannan mako za mu duba rayuwar ɗaya daga cikin matan da suka yi ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa har aka buɗe, wato Uwa Mary Martin, wadda ta kafa ƙungiyar Sistoci masu aikin asibiti da ake kira Medical Missionaries of Mary, ko MMM a taƙaice. A nan Nijeriya aka haifi ƙungiyar, kuma asibitinta na fari shi ne na St Luke da ke Anua, a Uyo ta Jihar Akwa Ibom.

An haifi Marie Helena Martin a watan Afrilu na 1892 a Glenageary, kusa da Dublin, babban birnin ƙasar Ayaland. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya 12. Mahaifinta attajiri ne mai cinikin katako, saboda haka ta tashi cikin wadata, har aka kai ta karatu Ingila da Jamus. Amma abubuwa biyu sun same ta tun tana yarinya. Na farko, wani zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi ya kama ta ya taɓa mata zuciya, kuma ciwon zuciyar nan bai rabu da ita ba har ƙarshen ranta. Na biyu, a 1907 mahaifinta ya rasu a haɗarin bindiga, ya bar uwarsu da ɗawainiyar yara.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai ta ba da kanta cikin 'yan sa-kai masu jinyar sojoji. A 1915 aka tura ta tsibirin Malta, inda ake sauke waɗanda aka raunata a fagen fama na Gallipoli. Tana can aka aiko cewa ƙanenta Charlie, wanda ke soja, ya ɓace a bakin dāga. Ta yi ta bin gadajen majinyata tana tambayar ko akwai wanda ya gan shi, daga baya aka tabbatar ya mutu. A 1916 aka mai da ita Faransa, daidai lokacin ƙazamin gumurzun Somme, ta yi jinyar samarin da iskar guba ta ƙone. Ta koma gida ta riga ta ga abin da tsofaffi da yawa ba su gani ba. Akwai saurayin da kowa ya ɗauka shi za ta aura, amma a 1917 ta gaya masa gaskiya cewa zuciyarta ta karkata wani wajen. Wane waje ne, ita kanta a lokacin ba ta gama sani ba.

Wani Fada mai suna Thomas Ronayne, wanda take neman shawara wurinsa, shi ya haɗa ta da Bishop Joseph Shanahan na Kudancin Nijeriya a 1920. Bishop ɗin yana neman mata masu taimako, domin ya lura Fada namiji ba ya iya kaiwa inda matan ƙauye suke. Sai ta shiga babban asibitin haihuwa na Holles Street a Dublin, ta sami takardar shaidar aikin ungozoma a farkon 1921. A watan Yuni na wannan shekara ita da wata abokiyarta Agnes Ryan suka sauka Kalaba.

To, a nan aka fara gwada haƙurinta. Ta zo da shirin karɓar haihuwa, sai aka miƙa mata alli da allo, aka ce makarantar 'yan mata ce ke bukatar shugaba tun da Sistocin Faransa masu riƙe da ita sun tashi. Ba da daɗewa ba zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Agnes, dole aka mai da ita gida, Marie ta rage ita kaɗai. Ta riƙe makarantar, amma duk lokacin da ta sami sarari sai ta shiga ƙauyuka, kuma abin da ta gani ya tsaya mata a rai: mace ta kwana biyu, uku tana naƙuda ba mai taimako, ɗa ya mutu a ciki, uwa ta bi shi ko ta tashi da lahani. Wannan yanki ne Mary Slessor, 'yar mishan ɗin Presbyterian daga Scotland, ta yi fama a kan ceton tagwaye har ta rasu a 1915. Marie ta tabbata cewa abin da ake bukata shi ne ƙungiyar mata da za su ba da ransu gaba ɗaya ga Ubangiji, su kuma zama cikakkun likitoci da nas-nas da ungozomomi. A 1922 ta zauna da Bishop Shanahan a Nsukara, kusa da Uyo, suka tattauna yadda za a kafa irin wannan ƙungiya.

Sai dai dokar Roma tana nan daram. Manyan Ikilisiya na wancan zamani suna ganin aikin haihuwa da fiɗa bai dace da macen da ta yi alkawarin tsarki ba, wai zai iya zama mata sanadin tuntuɓe. Ni dai a ganina, waɗanda suka riƙe wannan ra'ayi suna zaune ne a biranen da likita ke bayan gida. Da sun kwana ɗaya a bukkar da mace ke naƙuda, da dokar ba ta kai 1936 ba. Littafin Fitowa ma ya adana mana sunayen ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, waɗanda suka ji tsoron Allah fiye da Fir'auna. Kuma mu nan Arewa mun fi kowa sanin inda matsalar take. A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, mace nawa ce za ta yarda, ko mijinta ya yarda, namiji baƙo ya duba ta a irin wannan hali? Da yawa sun gwammace su daure a ɗaki har lokaci ya ƙure. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ba ita kaɗai ke wannan kuka ba. Wata likita 'yar Scotland, Agnes McLaren, ta ga yadda matan kulle ke mutuwa a Rawalpindi, cikin ƙasar Pakistan ta yanzu, ta yi ta zirga-zirga zuwa Roma tana roƙo har ta rasu a 1913 ba ta ga biyan bukata ba. Bayanta wata likita 'yar Ostiriya, Anna Dengel, ta kafa ƙungiyar mata masu aikin asibiti a Amurka a 1925, amma saboda dokar nan ba su sami ɗaukar cikakken alkawarin Sistoci ba sai daga baya. Bishop-bishop na ƙasashen mishan su ma suna ta aika takardu.

Ita kuwa Marie, a 1924 Bishop Shanahan ya umarce ta ta koma Ayaland ta shiga gidan horon sababbin Sistoci da ya buɗe a Killeshandra, inda ƙungiyar Holy Rosary ta samo asali. Ta yi biyayya ta tafi. Amma da ta ga ƙungiyar ta fi fuskantar aikin makaranta, kuma ba alamar za a bar su su taɓa aikin da ya kai ta Afirka, sai ta fita a 1926 ba ta ɗauki alkawari ba. Mai karatu ya san irin maganar da ke bin macen da ta shiga gidan Sistoci ta fito. Daga nan ta shiga shekaru masu wuya: yau tana kwance da ciwon zuciya, gobe ta tashi ta taimaka a gidan marasa galihu a Dublin, shekarunta suna ta tafiya, tsararrakinta sun yi aure har 'ya'yansu sun girma.

A 1934 ta sami wata dabara. Akwai sufaye 'yan ƙungiyar Benedict da suka zo daga Beljiyam suka buɗe makarantar kwana ta samari a Glenstal, suna neman masu kula da gidan. Sai ta yi ciniki da su: ita da 'yan matan da suka bi ta za su riƙe kicin da wanki da jinyar yara, su kuma sufayen su koya musu addu'a da ƙa'idodin zaman ruhaniya. Haka 'yar attajiri mai shekara 42 ta koma lissafin barguna da tukwane, tana shirya mutane domin ƙungiyar da doka ba ta ma yarda a kafa ba tukuna.

Ranar 11 ga Fabrairu 1936, a zamanin Paparoma Pius na 11, ofishin Roma mai lura da ayyukan mishan ya fitar da takardar umarni da aka sani da sunanta na Latin, Constans ac sedula. Takardar ta ba Sistoci izinin koyon likitanci da aikin ungozoma, har ta nuna ana son a kafa sababbin ƙungiyoyi domin lafiyar uwa da jariri. Akwai kuma wani sharaɗi a ciki da ya kamata mu riƙe, domin shi ne tushen makarantun nas na mishan: an ce su nemi ilimin a makarantun da aka amince da su, su fito da takardar shaida. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa a ba mutum wuƙar fiɗa.

Duk da haka ba ta sami Bishop a Ayaland da zai karɓi ƙungiyar a ƙasarsa ba. Wanda ya buɗe mata ƙofa shi ne Monsinyo James Moynagh, shugaban yankin mishan na Kalaba, da goyon bayan wakilin Paparoma, Antonio Riberi. A ƙarshen 1936 ta shiga jirgin ruwa da 'yan mata biyu, Bridie O'Rourke da Mary Moynagh, 'yar'uwar Monsinyo ɗin, suka nufo Anua. Ba ta daɗe da sauka ba ciwo ya kayar da ita, zazzaɓi ya haɗu da tsohon ciwon zuciya, aka kwashe ta zuwa asibitin gwamnati na Fatakwal. Tana kwance a can, ana ganin kamar ba za ta tashi ba, izinin Roma ya iso. Ranar 4 ga Afrilu 1937, a kan gadon asibiti, ta ɗauki alkawuran nan uku na talauci da tsarki da biyayya a gaban Monsinyo Moynagh. Wannan rana ita ce ranar haihuwar MMM. Shekara 16 ke nan tun saukarta ta fari a Kalaba.

Abin mamaki, matar da ta sha wannan jira domin ta yi aiki a Afirka ba ta zauna a Afirka ba. Likita ya ce lallai a sa ta a jirgi a mai da ita gida, wasu ma ba su zaci za ta kai da rai ba. Ta kai, ta kuma ƙara kusan shekara 38 a duniya, amma daga nan Nijeriya sai dai ziyara. 'Yan matan nan biyu ta bari a baya, suka yi horonsu a hannun Sistocin Holy Child, su da waɗanda suka biyo bayansu suka ɗauki nauyin Anua.

An sa wa asibitin sunan Luka, marubucin Bishara, wanda Manzo Bulus ya ambata a matsayin likita. Ya fara ƙarami, ya yi ta bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin asibitocin da aka fi sani a Gabashin Nijeriya, mutane suna zuwa daga nesa. Amma in aka tambaye ni abin da ya fi muhimmanci a Anua, zan ce makarantar koyon jinya da ta ungozoma da aka kafa a jikinsa. Dalili kuwa a fili yake. Sista Baturiya ɗaya hannu biyu gare ta, ba ta jin yaren Ibibio sai ta koya, zazzaɓi na iya kayar da ita, kuma wata rana dole ta koma ƙasarsu. Yarinyar gari kuwa, idan ta yi shekarunta tana koyo a aji da safe, da rana tana bin gadaje, da dare tana tsaron majinyata, ta ci jarrabawa ta sami lasisi, to an dasa abin da zai zauna. Ta san gidan da za ta shiga da irin maganar da za ta yi wa tsohuwar da ta hana a kai suruka asibiti. Kuma ba takardar mishan kawai ake ba su ba, jarrabawar ƙasa suke zaunawa. An kafa hukumar nas-nas ta Nijeriya a 1947, aka haɗe ta da ta ungozomomi a 1979, kuma ita ke ba kowa lasisi, ko daga makarantar gwamnati ya fito ko ta mishan.

An ga amfanin wannan lokacin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya bi ta kan yankin Uyo. Bayan yaƙin an kori 'yan mishan Turawa da yawa da suka yi aiki a ɓangaren Biyafara, kuma a shekarun 1970 gwamnatocin jihohi sun karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama. Inda aka riga aka horar da 'yan ƙasa, aiki ya ci gaba. Tun shekarun 1950 kuma 'yan matan Nijeriya suka fara shiga ƙungiyar kanta, har ta kai yau 'yan Afirka ne ke ɗauke da yawancin aikinta.

Can Ayaland kuwa, Uwa Mary ta mai da hankali ga abu guda, samar da ma'aikata. A 1939 aka ba ta wani ƙaramin gidan haihuwa a garin Drogheda, a nan hedkwatar ƙungiyar ta zauna. A 1945 ta aika Sistoci Ogoja su yi aikin kutare tare da Dokta Joseph Barnes, a 1947 wasu suka tafi Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. Mace ce mai ido a kan zamani: ta sa aka ɗauki fim na aikin Ogoja mai suna Visitation, aka fito da shi a 1948, aka yi ta nuna shi a majigi gari-gari ana tara gudummawa. Sunan fim ɗin yana tuna ziyarar da Budurwa Maryamu ta kai wa Alisabatu lokacin da take da tsohon ciki, wadda ita ce abin koyin ƙungiyar. A 1952 gobara ta cinye wani babban sashe na gidansu na Drogheda. Ta tafi Amurka neman taimako, Akbishop Richard Cushing na Boston ya tsaya mata, a 1957 aka buɗe babban asibitin horar da ma'aikatan mishan a Drogheda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka sai mu faɗi wannan ma. Shekaru bayan rasuwarta, wannan asibiti na Drogheda ya shiga abin kunya. Rahoton binciken da Mai Shari'a Maureen Harding Clark ta fitar a 2006 ya nuna wani likita ya cire wa mata 129 mahaifa wajen haihuwa tsakanin 1974 da 1998, adadin da ya wuce hankali, kuma an daɗe ba wanda ya tanka saboda al'adar girmama na gaba da ta yi yawa a wurin. Ƙungiyar ta riƙe asibitin har 1997 kafin ta miƙa wa hukumar lafiya ta gwamnati. Waɗanda suka fasa ƙwan a 1998 ungozomomi ne. Biyayyar da ta taimaki Uwa Mary ta gina asibiti, irinta ce ta rufe bakin ma'aikata a ɗakin fiɗa, kuma duk mai koyar da nas a makarantunmu ya kamata ya san wannan labari.

A Anua kuma aka sami Sista Dokta Ann Ward, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, har aka buɗe cibiya ta musamman domin su a Mbribit Itam, kusa da Uyo, inda ta koya wa likitoci da yawa wannan aiki. Ta rasu a 2016. Mu da muke ganin ana kai 'yan matanmu Babbar Ruga ta Katsina saboda wannan lalura, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wannan shi ne ainihin lahanin da Marie ta gani a ƙauyukan Kalaba tun 1921.

Iznin 1936 bai tsaya a Kudu ba. Shi ya share hanyar asibitoci irin su St Gerard na Kakuri a Kaduna da St Louis na Zonkwa, waɗanda su ma suke da makarantun horar da ma'aikatan jinya. Nan kusa da mu, bayan an yanke yankin mishan na Sakkwato a 1953 aka damƙa shi ga Fadocin Dominikan daga Amurka, Sistocin Dominikan daga Jihar Kansas sun iso Gusau a 1956 suka kama aikin magani da karɓar haihuwa. Tsofaffin 'yan zumuntar mata da suka haihu a hannunsu, Kirista da maƙwabtansu Musulmi, sun ci moriyar jiran da wata mata ta yi, wadda ba su taɓa jin sunanta ba.

A ƙarshen rayuwarta duniya ta karrama ta. A 1963 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ba ta lambar Florence Nightingale, wadda ake ba fitattun ma'aikatan jinya. A 1966 garin Drogheda ya ba ta babbar lambar girmamawarsa, ita ce mace ta fari da ta samu, haka kuma kwalejin likitocin fiɗa ta Ayaland ta karɓe ta a matsayin 'yar girmamawa. A 1968 ta faɗi ta karye a ƙugu, daga nan ba ta ƙara tashi sosai ba, shugabanci ya koma hannun wata. Ta yi kusan shekara bakwai a kwance a asibitin da ta gina, Sistocin da ta horar suna jinyarta, har ta rasu ranar 27 ga Janairu 1975 tana da shekara 82. A Drogheda aka binne ta.